Haɗin da Ake Jinkirtawa: Tarihin Loda Taskokin Umarni Cikin Manhaja Tana Aiki

Manhajar da ke cikin wayarka ko kwamfutarka ba ta zuwa a cike. Wanda ya rubuta ta ya bar gurabe da gangan: gurbin zana haruffa, gurbin warware hoton da aka matse, gurbin rufe saƙo don kada wani ya karanta shi a hanya. Waɗannan ayyuka suna zaune a wasu fayiloli daban, taskokin umarni ne da manhajoji da yawa suke tarayya a kansu. A Windows sunansu kan ƙare da .dll, a Linux da Android da .so, a kwamfutocin Apple kuwa da .dylib. Sai manhajar ta fara tashi, wani lokaci ma sai ta yi nisa da aiki, sannan ake nemo taskar, a loda ta cikin ƙwaƙwalwar na'ura, a ɗaura ta a gurbinta. Masu gyaran kwamfuta sun san abin ta fuskarsa marar daɗi, wato ɗan akwatin nan da ke fitowa yana cewa ba a ga MSVCP140.dll ba, manhaja kuma ta ƙi buɗewa. Galibi ana ba da tarihin wannan dabara a matsayin labarin tsimin ƙwaƙwalwa, daga nan sai a yanke hukunci cewa tunda ƙwaƙwalwa ta yi araha, zamanin dabarar ya wuce. A ganina wannan karatu ya kauce wa abin da ya faru. Tsimi ne ya buɗe mata ƙofa, amma abin da ya zaunar da ita shi ne damar jinkirta shawara: marubucin manhaja ya faɗi aikin da yake so a yi masa, ya bar tambayar wane ne zai yi shi zuwa ranar da ake bukata.

Tushen abin yana Jami'ar Kambirij a Ingila, inda kwamfutar EDSAC ta fara aiki a watan Mayun 1949 ƙarƙashin Maurice Wilkes. Mutanen wurin sun lura da wuri cewa kowa yana sake rubuta abu guda, kamar cire tushen lamba ko buga sakamako a takarda. Sai suka riƙa adana irin waɗannan guntayen umarni a kan tef na takarda mai huji-huji, suka jera su a kabad. Mai son amfani da ɗaya zai ɗauko tef ɗin, a kwafe hujin a kan nasa tef ɗin, sannan a ɗora duka a kan na'ura. David Wheeler ya tsara yadda kwamfutar za ta gyara adireshin kowane guntu daidai da inda ya faɗa a ƙwaƙwalwa, da yadda za ta koma inda ta tsaya bayan ya gama aikinsa. Zuwa 1951, shekarar da Wilkes da Wheeler da Stanley Gill suka wallafa littafinsu kan shirya umarnin kwamfuta, guntayen sun haura 80. Abin lura shi ne kwafa ake yi. Da zarar an kwafe guntu ya zama na mai shi, kuma in an gano kuskure a tef ɗin kabad aka gyara, tsofaffin kwafe-kwafen suna nan da kuskurensu. Wannan shi ne haɗin dindindin, wanda ake kammalawa tun kafin manhaja ta bar hannun marubucinta, kuma har gobe ana yin sa.

Waɗanda suka fara ɗaukar ɗaya hanyar da gaske su ne masu aikin Multics, da aka soma a tsakiyar shekarun 1960 tsakanin jami'ar MIT da kamfanin General Electric da ɗakin bincike na Bell a Amurka, da jagorancin Fernando Corbató. Kamfanin IBM ma a wannan zamani ya ba manhajojin OS/360 ikon kiran wani guntu daga faifai suna tsakar aiki, amma a Multics abin ya zama ginshiƙin ginin gaba ɗaya. Burinsu kwamfuta guda ta yi wa ɗaruruwan mutane hidima lokaci ɗaya, ba tare da an kashe ta ba, kamar yadda ake ba da wutar lantarki. Na'urar da ba a kashewa kuwa dole a iya gyara sassanta tana tafiya. Ga yadda suka yi. Idan manhaja tana da kira zuwa wani aiki da ke wajenta, ba a rubuta adireshinsa. Suna kawai ake ajiyewa, tare da wata alama da aka dasa don ta tsayar da na'ura. Ranar da aiki ya iso kan wannan kira, kwamfutar GE-645 za ta ci karo da alamar ta dakata, ta miƙa lamarin ga mahaɗi, wato sashen da ke ɗaura kira da guntun da ake nema. Shi kuma zai karanta sunan, ya bi jerin wuraren da aka ce ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya samo guntun, ya goge alamar ya rubuta adireshi na gaskiya a madadinta, sannan a sake gudanar da umarnin da ya tsaya kamar ba abin da ya faru. Kira na biyu zai wuce kai tsaye. Kiran da ba a taɓa isa kansa ba, ba a taɓa biyan kuɗinsa ba. Robert Daley da Jack Dennis sun bayyana wannan tsari a wata maƙala a 1968, kuma wanda ya fahimce shi ya fahimci kusan duk abin da ya biyo baya. Masu Multics sun damu da tarayya a ƙwaƙwalwa, amma babbar ribarsu ita ce a sauya guntu guda yau, gobe duk wanda ya kira shi ya sami sabon ba tare da ya sake haɗa komai ba.

Multics ya yi nauyi, ya kuma makara. Bell ya janye a 1969, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka koma kan wata ƙaramar na'ura, PDP-7, suka gina Unix, suka bar haɗin jinkiri a baya. Ba su yi kuskure ba a yanayinsu: manhajojinsu ƙanana ne, kuma na'urar PDP-11 da suka koma daga baya ba ta barin manhaja ta ga fiye da kilobayit 64 a lokaci guda. Kusan shekara 20 Unix ya rayu da kwafa. Multics kuwa ya ci gaba da aiki a 'yan wurare har Oktoban 2000, lokacin da aka kashe na ƙarshe a Halifax ta Kanada.

Abin da ya dawo da dabarar shi ne tagogi da hotuna a fuskar kwamfuta. Windows 1.0 ya fito a Nuwamban 1985 da alƙawarin aiki a kan na'ura mai kilobayit 256, kuma hakan ba zai yiwu ba in kowace manhaja za ta ɗauki nata kwafen umarnin zana taga da maɓalli. Saboda haka Windows kansa aka gina shi da taskoki, KERNEL da USER da GDI, manhajoji suna kiran su. A ɓangaren Unix, tsarin tagogi na X11 da ya fito a 1987 ya zo da taskoki masu girman da har ƙaramin agogon da ke kusurwar allo yakan kumbura in an kwafe su cikinsa. Yunƙurin farko na kamfanin AT&T a Unix ɗinsa na System V na uku shi ne a ware wa kowace taska tsayayyen adireshi, wanda ke nufin taskoki biyu ba za su iya neman wuri guda ba, kuma gyara kaɗan yana iya rushe lissafin. Mafitar da ta ɗore ta fito daga kamfanin Sun. Robert Gingell da abokan aikinsa sun gabatar da ita a 1987, ta shiga SunOS 4.0 a 1988. Sun rubuta taskoki ta yadda za su yi aiki duk inda aka sauke su a ƙwaƙwalwa, aka tattara adiresoshin da ke sauyawa a ɗan jadawali na kowace manhaja, ainihin umarnin kuwa kwafe guda ne kowa ke karantawa. A cikin jadawalin, kowane aiki yana farawa da adireshin mahaɗi. Kiran farko ya faɗa hannun mahaɗi, ya nemo aikin, ya rubuta adireshinsa a layin. Kira na gaba ya tsallake shi. Wannan dabarar Multics ce aka sake ginawa ba tare da na'ura ta musamman ba. Daga nan ta shiga System V na huɗu tare da tsarin fayil na ELF, wanda Linux ya koma kansa a wajen 1995, bayan shi ma ya sha wahalar tsayayyun adiresoshi har sai da ake rajistar wurin kowace taska don kada su yi karo.

A nan ne nake ganin tarihin ya juya, kuma a nan masu labarin tsimi suke rasa zaren. Tunda mahaɗi yana nan cikin manhaja tana aiki, me zai hana a ba manhajar ikon yi masa magana da kanta? Sun ta fito da ayyuka huɗu: dlopen ya buɗe taska da sunanta, dlsym ya nemo aiki a cikinta, dlclose ya sake ta, dlerror ya faɗi abin da ya hana. Windows yana da takwarorinsu, LoadLibrary da GetProcAddress da FreeLibrary. Waɗannan ba su rage ko bayit guda da ba a riga an rage ba. Abin da suka kawo shi ne manhaja ta iya kiran abin da marubucinta bai taɓa gani ba, wanda ma ba a rubuta ba tukuna ranar da ya gama aikinsa. Da wannan ne masu kiɗa suka sami ɗaruruwan kayan sauti da ake ɗorawa a manhajar ɗaukar murya, bayan kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a 1996. Da shi ne Sun ta tsara PAM a 1995, don mai kula da kwamfuta ya sauya yadda ake tantance masu shiga ba tare da an taɓa manhajar shigar ba. Apache, mai ɗauke da shafukan intanet, ya fara loda sassansa haka a 1998. Harshen Python, wanda shi kansa ba mai sauri ba ne, ya zama gidan lissafin kimiyya ne saboda yana iya jawo taskokin da aka rubuta da C yana tsakar aiki. Har doka ta bi sahu: lasisin LGPL na 1991 ya yarda manhajar kasuwa ta yi amfani da taska mai 'yanci muddin mai amfani zai iya sauya taskar da tasa, kuma haɗin jinkiri ne hanya mafi sauƙi ta cika wannan sharaɗi. Haruffanmu masu lanƙwasa da rubutun ajami da ke fitowa daidai a wayar Android, taskoki irin FreeType da HarfBuzz ne ke zana su su jera su, ba sai kowane mai rubuta manhajar saƙo ya san yadda ake haɗa baƙaƙen Larabci ba.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko shi ne bala'in da masu Windows suka sha a shekarun 1990. Manhaja takan zo da nata kwafen wata taska, ta zuba shi a babban ma'ajin Windows ta danne wanda ke wurin, wani lokaci tsoho a kan sabo. Mutum ya sa wasa a yau, gobe manhajar lissafinsa ta daina aiki, ba kuma abin da zai nuna masa alaƙar biyun. Wannan ya faru, ya kuma ci wa mutane lokaci da dukiya. Amma in aka duba da kyau, laifin bai ta'allaƙa da jinkirta haɗi ba. Laifin shi ne suna kawai ake nema, babu tambayar wace siga, kuma kowa na da ikon rubutu a ma'ajin kowa. Inda aka toshe waɗannan kafofi biyu, abin ya lafa. A Unix tun daga SunOS ana sa lamba a sunan taska, ta yadda in alƙawarinta ya sauya sunanta ma ya sauya, tsohuwa da sabuwa su zauna tare. Taskar C ta GNU ta ƙara gaba a 1999, ta sa siga a kan kowane aiki, shi ya sa manhajar da aka haɗa shekaru da dama baya take iya tashi a kan Linux na yau. Microsoft ta hana danne fayilolin tsari a Windows 2000, ta kuma ba da damar ajiye sigogi daban-daban gefe da gefe a Windows XP a 2001. Ciwo ne da aka san maganinsa, illa dai an makara wajen sha.

Suka na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi tsaro. Taskar da aka loda ba baƙuwa ba ce a cikin manhaja. Tana da duk ikon da manhajar ke da shi, tana ganin duk sirrin da ke ƙwaƙwalwarta. Kamar rijiyar unguwa ce: in an yashe ta kowa ya amfana, in an zuba mata guba kowa ya sha. A 2010 aka gano Stuxnet, ƙwayar cutar da aka auna tashar tace yuraniyom ta Natanz a Iran da ita. Cikin dabarunta, ta sauya sunan wata taskar manhajar Step 7 ta kamfanin Siemens daga s7otbxdx.dll zuwa s7otbxsx.dll, harafi guda ne bambancin, ta ajiye tata a ƙarƙashin sunan asali. Manhajar injiniya ta kira sunan da ta saba kira, taskar bogi ta amsa, ta miƙa yawancin buƙatu ga ta gaskiya, ta riƙe waɗanda suka shafi abin da ake aika wa injina, ta kuma ɓoye abin da ta sauya in an zo dubawa. A watan Agustan shekarar Microsoft ta fitar da gargaɗi kan manhajoji masu yawa da ke neman taska a ma'ajin da aka buɗe fayil daga ciki, inda ɓarawo zai iya ajiye tasa. Sai kuma na kusa: ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, ya bayyana cewa ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar shiga daga nesa, yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da kima. Ya bi sawu har ya iske ƙofar baya da aka dasa a sigogi 5.6.0 da 5.6.1 na xz, manhajar matse bayanai, aikin wani mai amfani da sunan Jia Tan da ya shafe kusan shekara biyu yana neman yardar mai kula da aikin. Manhajar SSH ba ta da hulɗa da xz. Amma wasu rabe-raben Linux sun haɗa SSH da taskar systemd don wani ɗan aiki, ita kuma taskar tana jan liblzma ta xz a bayanta, sai gubar ta shiga ta ƙofar da ba wanda ke kallo, ta yi amfani da mahaɗin kansa wajen karkatar da aikin tantance masu shiga.

Ba na raina wannan. Sai dai abin da ya biyo baya yana koyar da wani abu da masu suka ba su cika ambata ba. Masu systemd ba su koma kwafa ba. A sigarsu ta 256 da ta fito a Yunin 2024, taskokin matse bayanai sun daina shigowa da tashin manhaja. Sai an zo ainihin buƙatar warware wani abu ake kiran su da dlopen. Manhajar da ba ta warware komai ba za ta taɓa ganin liblzma ba. Wato an magance matsalar da ƙarin jinkiri, da komawa kan ƙa'idar Multics cewa abin da ba a kira ba ba a loda shi. Haɗarin yana cikin loda abin da ba a bukata, da nema a wurin da ba a amince da shi ba, da ba baƙo cikakken iko. Inda baƙon ba abin yarda ba ne sam, kamar ɗore-ɗoren burauza da Netscape ta fara a tsakiyar shekarun 1990, an yi daidai da aka kore su: Chrome ya rufe wannan ƙofa a 2015, Flash, ɗaya daga cikinsu, ya mutu a ƙarshen 2020. Android ma tun sigar 7.0 a 2016 ta hana manhajoji taɓa taskokin cikin gida da ba a ba su izini ba. Duk wannan gyaran iyaka ne, ba rushe dabarar ba.

Suka na uku shi ne na masu cewa a koma haɗin dindindin kawai, kuma a cikinsu akwai manya. Tsarin Plan 9 na Bell ya ƙi taskokin tarayya. Harshen Go, da Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson suka fitar a Google a 2009, yakan haɗa komai cikin fayil guda da za ka ɗauka ka kai ko'ina. Docker, tun 2013, ya saba wa mutane da naɗe manhaja tare da duk taskokinta a ƙunshi ɗaya. Linus Torvalds ma ya nuna a 2021 cewa ban da manyan taskokin tsari, tarayyar ba ta cika biyan wahalarta ba. Akwai gaskiya a nan: taskar da manhaja ɗaya tak ke amfani da ita ba ta da dalilin zama daban, kuma neman dubban sunaye yana jinkirta tashi. Kamfanin da ke da injinan sake gina duk manhajojinsa cikin dare ɗaya zai iya rayuwa da kwafa. Amma yawancin duniya ba haka take ba, kuma an gwada. A Maris 2002 aka gano ɓaraka a zlib, ƙaramar taskar matse bayanai. Inda ake tarayya a kanta, fayil guda aka sauya aka huta. Sai dai manhajoji da yawa sun kwafe ta cikin cikinsu, har da cibiyar Linux kanta, dole aka shiga farautar kwafe-kwafen ɗaya bayan ɗaya, irin matsalar tef ɗin EDSAC bayan shekara 50. A Afrilun 2014, da aka bayyana Heartbleed a OpenSSL, taskar rufe saƙo, ɓarakar da ke zubar da har kilobayit 64 na sirri a kowace tambaya, mai kwamfutar da ke tarayya ya sa sigar 1.0.1g, ya sake tada ayyukansa, ya sauya mabuɗansa. Wanda taskar ke binne cikin na'urarsa ko manhajar da ya saya kuwa sai jiran mai ita, in yana raye, in kuma ya damu. Ga mai ƙaramar waya da ke sayen data da kuɗin aljihunsa, bambancin sauke gyara guda da sake sauke manhajoji ashirin ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma abin da kwafa ba ta iya yi ko an so. Wasan kwamfuta da aka rubuta shekara biyar da suka wuce yana aiki a kan katin hoto da aka ƙera bana, domin bai ɗauki direban kowane kati cikinsa ba. Yana tambaya ne lokacin tashi, a loda masa na kamfanin da ya ƙera katin da ke cikin na'urar. Tsarin Vulkan na 2016 a kan wannan aka gina shi. Ko a Linux, manhajar da aka haɗa dindindin da taskar C ta GNU takan koma ga dlopen in za ta nemo sunan mai amfani ko adireshin wata kwamfuta, domin mai na'urar ne ke zaɓar inda ake neman waɗannan, ba marubucin manhaja ba. Shi kansa Go ya ƙara hanyar loda ɗori a 2017. Duk inda shawara ta kasance ta wani mutum daban, a wani lokaci daban, haɗin jinkiri yakan dawo ko an kore shi.

Hukuncina shi ne haɗin dindindin ya dace da abin da mutum ɗaya ya mallaka daga farko har ƙarshe, haɗin jinkiri kuma ya dace da duk iyakar da ke tsakanin masu alhaki biyu: mai manhaja da mai tsari, mai tsari da mai ƙera na'ura, mai gyaran tsaro da miliyoyin da ba su san sunansa ba. Ga matasanmu da ke koyon rubuta manhaja, ku riƙa duba abin da aikinku ke jawowa, da ldd a Linux ko makamancinsa a Windows, ku cire abin da ba ku bukata, ku kira taska da cikakken wurinta, ku kuma ɗauki lambar siga a matsayin alƙawarin da ba a saɓawa. Ga mai gyaran kwamfuta da akwatin nan ya fito masa, kada ya je wani shafi da bai sani ba ya sauko da fayil ɗin shi kaɗai ya jefa a ma'ajin Windows, domin duk abin da ke cikinsa zai sami ikon manhajar da ta kira shi. MSVCP140.dll yana cikin ƙunshin Visual C++ da Microsoft ke rabawa kyauta a shafinta, can ne ya kamata a ɗauko shi.